Ranar da Muryar Zahraddeen Ta Yi Kauri

"A'a, tsaya mana in ƙarasa maka," in ji Malam Ado, yana janye wayarsa gefe don kada Zahraddeen ya fizge. "Wai mai sharhin nan cewa ya yi kun yi ƙarfin hali. Waƙoƙi ukun farko irin naku ne na da, daga ta huɗu kuma kuka sauko ƙasa, kuka yi nauyi, kamar an rufe ƙofa an bar mutum a ciki. Ya ba ku takwas cikin goma. Ni tun da nake jarrabawa ban taɓa ganin takwas cikin goma ba."

"Malam Ado, don Allah ajiye wayar nan ka ci abincinka."

"Ina ci mana. Ina ci ina karatu. Amma tsakani da Allah, abin nan da na saurara jiya waƙa ce, ko injin markaɗe aka zuba wa tsakuwa?"

A wani mamak suke zaune a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur, irin shagunan abincin nan na Indiyawa Musulmi da ba a rasa ɗaliban Najeriya a cikinsu. Bayan azahar ne, cikin watan Nuwamba na 2021, kusan wata uku da sake barin mutane su zauna su ci abinci a waje bayan kullen korona. Har yanzu akwai jan tef a kan wasu kujerun, kuma kowa takunkuminsa na rataye a haɓa. Malam Ado ya girmi Zahraddeen da shekara takwas, gida ɗaya suke haya, kuma dukansu digiri na uku suke yi a jami'ar da ke Jalan Semarak. Ya kusa gamawa da rotinsa, gurasar Indiyawan nan mai laushi, yana hararar na Zahraddeen da ko gutsura ba a yi ba.

Zahraddeen ya yi masa bayani kamar yadda ya sha yi. Na da ɗin shi ake kira black metal: murya tana can sama, siririya, kamar mutum yana kururuwa a kan dutse cikin iska, gita kuma tana zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Na yanzu ya karkata zuwa death metal: an sassauta tsirkiyoyin gita sun yi ƙasa, muryar kuma gurnani ce daga can cikin ciki.

"Na gane," in ji Malam Ado. "Wato da akuya kuke yankawa, yanzu kun samu ci gaba kun koma sa."

"Rage murya. A garin nan akwai masu ɗauka da gaske cewa masu irin kiɗanmu yanka suke yi wa shaiɗan."

Malam Ado ya yi dariya, amma da ya ga abokin nasa bai taya shi ba sai ya tsaya. Zahraddeen ya buɗe jakarsa ya zaro wata takarda mai kauri a cikin leda. Samfurin bangon kaset ɗin nasu ne, wanda Azrul, mai gita kuma mawaƙin ƙungiyarsu ta kiɗa, ya ba shi jiya ya kai wa masu ɗab'i a Pudu kafin ƙarfe biyar na yau. Kundin waƙoƙin ya riga ya fita a intanet, amma masu son irin wannan kiɗa sai sun riƙe kaset a hannu hankalinsu ke kwanciya. Ya nuna masa layi na ƙarshe a ƙasan sunayen waƙoƙi, inda Azrul ya ambaci Zahraddeen da sunan da yake kiransa, ya fassara masa daga Malayanci: "Ga Din, wanda na shafa wa ciwo ya rama mini da muryarsa. Ka yafe mini."

"Allah sarki," in ji Malam Ado. "Yaron nan ɗan halak ne."

"Ɗan halak ne. Amma layin nan ƙarya ne, kuma ni kaɗai na san ƙarya ne."

Zahraddeen ɗan Gwammaja ne a Kano. Mahaifinsa mai walda ne, ƙofofi da tagogi yake haɗawa, kuma shagon a jikin gidansu yake. Tun yana rarrafe ƙarar guduma da injin yankan ƙarfe yake ji, har ta kai idan aka ɗauke wuta unguwa ta yi tsit sai ya ji kamar wani abu ya ɓata. A makarantar kwana ya shiga 'yan gangar fareti, ya ƙware har malamin ya riƙa bar masa ragamar sauran. Kiɗan da ya zama nasa kuwa a tsohuwar waya ya tsince shi. Ya sayi wayar hannu-biyu a Farm Centre, ya tarar da katin ajiyarta cike da waƙoƙin da ba su da suna, sai lambobi. Ya kunna ɗaya ya yi sauri ya kashe, don ya ɗauka lasifikar ce ta fashe. Washegari ya sake kunnawa. A ƙarƙashin hayaniyar ya ji mai gangar yana gudu da ƙafa biyu ba ya tuntuɓe, ya ji akwai lissafi a ciki, irin lissafin da babansa yake yi idan yana daidaita kusurwar ƙofa. Bai gaya wa kowa ba. Shekara shida yana saurare da abin kunne, yana kaɗa cinyoyinsa da tafin hannu.

A 2018 ya zo Kuala Lumpur da tallafin karatu, yana nazarin wutar lantarki. Wata rana yana wucewa ta gaban wani shagon taya a Setapak ya ji wannan kiɗan yana saukowa daga bene. Ya hau. Ɗakin atisaye ne da ake ba makaɗa, a ciki kuma wani siririn Bamalaye ne shi kaɗai da gita, yana bin gangar kwamfuta yana zaginta. Shi ne Azrul. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, gida-gida, a kan babur. Ya dubi baƙon da ke tsaye a ƙofa da jallabiya, ya ce masa masallaci yana layin baya. Zahraddeen ya ce ya sani, daga can yake, ya nemi a ara masa sanduna. Bayan minti goma Azrul ya kashe kwamfutar, bai sake kunna ta ba.

Haka suka zama ƙungiyar mutum biyu, suka sa mata suna Liang Tujuh. Sharaɗi ɗaya Zahraddeen ya kafa: babu taɓa addini. Azrul ya ce shi ma uwarsa tana da rai kuma tana jin Malayanci, don haka waƙoƙinsa a kan ambaliya suke, da tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa suna cin mutane, da dajin kauyensu da aka sare. A fili Azrul mai sanyin magana ne, har sai ka matso kafin ka ji shi. Amma idan ya kama makirufo sai wata ƙara ta fito daga wannan ƙaramin jiki wadda take sa tsigar jikin mutum ta tashi. Shekara goma sha biyu ya yi yana gina ta. Ba ya shan ruwan sanyi, ba ya shan taba, kullum da zuma a jakar kayan aikinsa kusa da sukuddireba. Ita ce abin da yake da shi wanda ba kowa ke da shi ba.

Kullen farko na korona ya same su suna shirin kundinsu na biyu. Suka shafe watanni suna aika wa juna kiɗa ta waya, Zahraddeen yana buga matasan kai da sanduna a ɗakinsa, Malam Ado yana buga masa bango. Da aka sassauta doka a farkon 2021 suka ɗauki ganga da gita na waƙoƙi takwas. Saura murya. Suka tsayar da ranar Alhamis, kwana biyar kafin azumi, domin Azrul ba ya ihu da busasshen maƙogwaro, shi kuma Zahraddeen ba ya taɓa sanda a watan Ramadan.

Akwai wani abu da Azrul ya daɗe yana so: a waƙoƙi biyu a samu murya mai kauri a ƙarƙashin tasa, kamar inuwa. Zahraddeen ya yi shekara biyu yana gwadawa, amma muryarsa siririya ce, idan ya yi gurnani sai Azrul ya faɗi ƙasa yana dariya, ya ce kamar kyanwa ta haɗiye ƙashin kifi.

Ranar Laraba ya tashi da ƙaiƙayin maƙogwaro da ciwon gaɓoɓi. Ya ce wa Malam Ado mura ce, ya kwana da fanka. Safiyar Alhamis jikinsa ya yi zafi. Ya shiga banɗaki zai yi alwala, ya yi gyaran murya, sai ya ji wani sauti da bai san yana da shi ba. Ya sake gwadawa. Gurnani ne sosai, mai faɗi, mai tsakuwa a ciki, har bokitin da ke gefe ya amsa. Ya tsaya yana kallon kansa a madubi. Ya san abin da ake faɗa kullum a rediyo da allunan titi. Ya san alamomin ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya zo masa a rai duk da haka shi ne: wannan muryar ba za ta kwana uku ba, in ban ɗauke ta yau ba ta tafi.

Ya haɗiye farasitamol biyu, ya jira awa ɗaya. A ƙofar sutudiyo aka ɗora masa ma'aunin zafi a goshi, ya nuna daidai, ya shiga.

Ɗakin ɗaukar murya bai fi banɗaki girma ba, babu taga, bangonsa lulluɓe da soso. Makirufo ɗaya ne, na Azrul, wanda yake sa wa baƙar safa a kai don ta tare huci. Al'adarsu ce a fara da murya ta baya, sannan mawaƙi ya shiga ya hau kanta. Zahraddeen ya cire takunkumi, ya manna baki a jikin safar nan, ya yi minti arba'in yana fitar da duk abin da ke ƙirjinsa. Ta cikin gilashi yana hango Azrul ya dafe kai da hannu biyu. Da ya fito Azrul ya rungume shi.

"Din! Ina ka ɓoye wannan shekara biyu?"

"Atisaye ne," in ji Zahraddeen.

Sai Azrul ya kurɓi zuma ya shiga ɗakin ya ja ƙofa. Zahraddeen ya gan shi yana gyara tsayin makirufo, ya gan shi yana matso da leɓɓansa jikin safar da ba a canza ba. Ya buɗe baki zai yi magana. Ya tuna in ya ce a canza safa za a tambaye shi dalili. Ya rufe bakinsa. Azrul ya yi waƙoƙi uku a ranar, mafi kyawun da ya taɓa yi, ya ce sauran biyar sai bayan salla.

Ranar da aka ɗauki azumi zazzaɓi ya kwantar da Azrul. Aka gwada shi, aka samu korona ce. Aka bi waɗanda ya yi hulɗa da su, aka gwada Zahraddeen, shi ma aka samu, lokacin har ya fara warwarewa. Aka ɗaura masa abin hannu mai ruwan hoda, aka ce ya killace kansa. Yana zaune a bakin katifa saƙon Azrul ya shigo: "Yi haƙuri, Din. A gidajen mutane na kwaso, na zo na shafa maka. Kana ƙasar mutane, ba uwa ba uba, ga abin da na ja maka." Zahraddeen ya rubuta amsa ya goge, ya rubuta ya goge. Daga ƙarshe ya tura: "Ba komai. Allah ya ba mu lafiya." Ya ce a ransa idan Azrul ya warke zai gaya masa.

Azrul bai warke da wuri ba. A kwana na tara numfashi ya gagara, aka kai shi asibiti, aka zura masa bututu a maƙogwaro kwana goma sha ɗaya. A lokacin allurar rigakafi ba ta kai kan matasa ba. Zahraddeen ya yi azumin nan a ɗaki, ba ya iya haɗiye abin buɗa-baki, yana addu'a yana jin kunyar addu'ar. Bayan salla aka sallamo Azrul. Ya rame, yana tafiya yana hutawa, muryarsa kuma ta koma raɗa. Likita ya ce magana za ta iya dawowa a hankali, amma ihu kam ya manta da shi.

Wannan makon mahaifiyar Azrul, Mak Cik Rosnah, ta aiko wa Zahraddeen da naman salla a kwano uku, da 'yar takarda tana ba shi haƙuri a madadin ɗanta.

Zahraddeen ya ɗauka kundin ya mutu, kuma ya so ya mutu. Azrul ne ya ƙi. Ana cikin babban kullen watan Yuni ya kira shi ta bidiyo, yana riƙe da kwali da alƙalami, tunda magana tana gajiyar da shi. Ya rubuta: "Kai za ka yi sauran biyar." Zahraddeen ya ce muryar nan ta tafi. Gaskiya ne, ta tafi tare da ciwon. Azrul ya rubuta: "Ka taɓa yi, za ka sake." Daga nan kullum bayan la'asar sai darasi. Mutumin da ba shi da murya yana koya wa wani yadda ake fitar da ita: ya dafa cikinsa, ya nuna wuyansa ya girgiza kai, ya rubuta da manyan baƙaƙe, "DAGA CIKI, BA DAGA WUYA BA, KYANWA." Da ya ga gurnani ba ya zama a kan siririyar gitar da, sai ya sassauta tsirkiyoyinsa, ya sake rubuta waƙoƙi biyar ɗin daga tushe, ya rage musu gudu, ya ƙara musu nauyi, don su dace da muryar abokinsa. Salon da ya yi shekara goma sha biyu a ciki ya ajiye shi da hannunsa. Suka sa wa kundin suna Musim Pintu Tertutup, wato lokacin rufaffun ƙofofi. Abin da masu sharhi suke kira ƙarfin hali ke nan.

Malam Ado ya saurari duk wannan bai katse shi ba, abin da ba halinsa ba ne. Shayinsa ya huce. Da Zahraddeen ya gama ba shi labarin, sai ya ce, "Wato ni ma da nake gida ɗaya da kai, mura ka ce mini."

"Haka ne. Ka yafe mini."

"Kuma naman nan na Mak Cik da ka ce ba ka jin ci, ka tura mini, na cinye har da suɗe kwano." Ya girgiza kai. "Ni nawa mai sauƙi ne, ban kamu ba, na yafe. Amma Zahraddeen, wata bakwai? Yaro yana yawo da laifin da ba nasa ba wata bakwai?"

"Kullum sai in ce gobe. Da yana asibiti na ce bari ya fito. Da ya fito na ce bari ya yi ƙarfi. Da muka fara aiki na ga aikin ne yake tashinsa daga gado, na ce in na faɗa zai ajiye. Yanzu kuma ban san me zan ce ba." Ya juya takardar a hannunsa. "Kuma ai ba tabbas. Yana shiga gidaje biyar a rana. Wataƙila da gaske a can ya kwaso."

"Wataƙila. To farasitamol ɗin fa, shi ma wataƙila ne?"

Zahraddeen ya tura takardar cikin ledarta.

"Ka ga, ni ban san kiɗanku ba, kuma in Allah ya yarda ba zan sani ba," in ji Malam Ado. "Amma wannan haƙƙin mutum ne. Istigfari a ɗaki ba ya wanke shi, sai ka je wajen mai shi. In ka kai takardar nan Pudu yadda take, ka sa an buga masa neman gafararka a kan kowane kaset. Tashi. Rotin nan zan sa a yi mini tapau, a ƙunshe mini in tafi da shi gida."

Gidan su Azrul yana wasu dogayen benaye a Danau Kota, tafiyar minti ashirin a ƙafa. Zahraddeen ya taka, duk da hadarin da ya fara haɗuwa. Ya tarar da shi a ƙarƙashin bene, inda ake ajiye babura, ya kwance wata na'urar sanyaya ɗaki yana wanke cikinta da tiyo, baƙin ruwa yana gangarawa kwata. Ya ɗan yi ƙiba yanzu. Da ya ga Zahraddeen ya ɗaga gira ya nuna agogon hannunsa.

"Pudu ta dawo nan ne?" ya tambaya. Muryar tana fita, amma kamar ana jan takarda a kan siminti. Da Turanci da Malayanci suke magana, a cakuɗe, yadda suka saba.

"Kashe ruwan nan, Azrul. Akwai maganar da zan gaya maka."

Azrul ya murɗa famfo. Zahraddeen ya shirya kalmomi a hanya, amma duk suka watse, sai ya faɗe ta yadda take. Ya ce tun ranar Laraba yake da ciwon. Ya faɗi zazzaɓin, ya faɗi madubin banɗaki, ya faɗi ƙwayoyi biyun da awa ɗayan da ya jira. Ya ce ya ga safar, ya ga lokacin da Azrul ya kai baki, ya yi shiru. Ya ce ba atisaye ba ne.

Azrul yana tsugune, hannayensa a jiƙe, yana kallon ruwan da ke bin kwata. Wata mata ta wuce da kayan cefane ta gaishe shi, ya ɗaga mata hannu. Sai da ta shige lif sannan ya yi magana.

"Akwai wata tsohuwa a Gombak," ya ce. "Na gyara mata na'ura ranar Litinin ɗin makon. Tana tari. Wata bakwai ina jin haushin matar nan. Ta kira ni sau biyu, ban ɗauka ba."

"Azrul..."

"Tsaya." Ya yi tari, ya dafa wuya, ya jira numfashi ya dawo. "Da na turo maka saƙon nan, ka karanta, ka ce ba komai."

"Na ce."

"Ba komai." Ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Na san dalilinka. Da ni na tashi da safe na ji murya irin wannan a wuyana, ban san me zan yi ba. Wataƙila in zo. Mu mahaukata ne." Ya ɗago ya dube shi a karon farko. "Amma da na ce maka ka canza safa. Wannan kam da na faɗa."

Zahraddeen ya tsuguna shi ma. Ya ce ba ya neman a ce an yafe masa. Ya ce in Azrul yana so a sauke kundin daga intanet, ko a cire sunansa, ko a fasa kaset ɗin, duk ya yarda.

"A sauke? Wata huɗu ina koya wa kyanwa gurnani, sannan a sauke?" Azrul ya goge hannu a wandonsa. "Waƙoƙi ukun farko su ne na ƙarshe da na yi. Ina so a ji su. Kawo takardar."

Zahraddeen ya zaro ta daga leda. Azrul ya ciro alƙalamin da yake yi wa bututu alama daga aljihun rigarsa, ya ɗora takardar a kan sirdin babur, ya ja layi a kan jimlar ƙarshe. Ya sake ja, ya sake, har ba a iya karanta ko harafi ɗaya.

"Me za a sa a wajen?" in ji Zahraddeen.

"Kada a sa komai."

"Sunana fa?"

"Kai ka buga gangar, kai ka yi muryar. Yana nan." Ya miƙa masa takardar. "Mak kuma kada ka gaya mata. Tana sa ka a addu'a da sunanka, ban san yadda zan yi da wannan ba tukuna. Ni zan gaya mata, in na ga dama."

"To. Atisayen ranar Asabar fa?"

Azrul ya ɗauki tiyo yana juya bakinsa a hannu.

"Ban sani ba, Din. Kada ka kira ni. In na shirya zan kira ka. In ban kira ba, ka sani ban shirya ba." Ya murɗa famfo, ruwa ya dawo da ƙarfi, dole Zahraddeen ya matso kafin ya ji sauran. "Ƙarfe biyar suke rufewa. Ka ce musu baƙin ya yi baƙi sosai, wancan karon toka-toka suka yi mana."

Zahraddeen ya mayar da takardar cikin leda, ya sa a jaka, ya tsaya kaɗan ko za a ƙara masa wata magana. Azrul ya riga ya sunkuya a kan aikinsa. Yayyafi ya fara sauka. Ya ja takunkuminsa ya rufe hanci, ya rungume jakar a ƙirji don kada ta jiƙe, ya nufi tashar bas da sauri.